Jinjina Ga Makiyayan Da Suka Iya Rufin Asiri

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ba ɗan gidanku ba ne. Fiye da shekara ashirin ke nan 'yan jarida da lauyoyi da alƙalai suna yi wa shugabannin Cocin Katolika ruwan zagi kan limaman da suka yi lalata da yara, amma har yau ban ga wanda ya tsaya ya yaba basirar da aka zuba a cikin aikin ba. Haba jama'a! Abu ne da dubban yara suka sani a jikinsu, iyaye suka kai kuka, likitoci suka rubuta, aka sa hannu aka buga hatimi, amma aka riƙe shi shekara arba'in, hamsin, bai fita daga ɗaki ba. Mu da sirrin mutum uku ba ya kwana biyu a unguwa, ai kamata ya yi mu cire hula.

A duba girman aikin tukuna. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa kwalejin John Jay ta yi, wanda ya fito a 2004, ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002, da mutum 10,667 da suka ce an taɓa su suna yara. A Jamus, binciken 2018 ya gano yara 3,677 da malaman coci 1,670. A Faransa, hukumar Jean-Marc Sauvé ta ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne suka faɗa hannun limamai da sauran masu rantsuwar hidimar coci tun daga 1950. Shi limamin da ya aikata, nasa ƙaramin aiki ne, irinsa babu inda babu. Mai babban aiki shi ne na sama, wanda zai karɓi ƙara da safe, ya yi wa uwar yaro addu'a da rana, kafin magariba ya samo wa Fada sabon coci. Shi nake yi wa jinjina.

Kuma ba ni ne farau ba. A Satumbar 2001 Kadinal Darío Castrillón Hoyos, shugaban ofishin kula da limamai a fadar Batikan, ya aika wa Bishop Pierre Pican na Bayeux a Faransa wasiƙar taya murna. Kotu ce ta ɗaure wani limamin Pican, René Bissey, shekara 18 kan fyaɗe da lalata da yara, ta yi wa shi Pican ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata uku saboda ya sani ya yi shiru. Kadinal ya ce masa ya kyauta, ya ce ya ji daɗin samun ɗan'uwa wanda ya gwammace kurkuku da ya miƙa ɗansa limami ga hukuma. Kurkukun dai Pican bai kwana a ciki ba, amma ai aiki da niyya yake. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Kadinal bai ruɗe ba wajen gane wane ne ɗa a cikin labarin. Limamin ne ɗa. Yaran kuwa 'ya'yan wasu ne.

Wanda yake son ya ga sana'ar a hannun masu ita ya tafi Boston. John Geoghan ya zama limami a 1962, ya zaga coci shida cikin shekara talatin, kuma mutum sama da 130 suka ce ya yi musu ta'asa suna yara. Geoghan ya san gidan zuwa. Gidan matar da miji ya mutu ko ya gudu, mai yara barkatai, mai gajiya, wadda in ta ga Fada a bakin ƙofa sai ta ji kamar Allah ne ya aiko mata da hutu. Ya kwashi yara ya kai su shan askirim, ya dawo da su, ya hau bene ya yi musu addu'ar kwanciya barci. A unguwar Jamaica Plain akwai gida guda da ya taɓa yara maza bakwai, 'yan dangi ɗaya. Da magana ta fito a 1980 bai ma yi gardama ba, ya amsa.

Da ƙaramin shugaba ne da sai ya rikice ya kira 'yan sanda, a tara jama'a, a ɓata wa bawan Allah suna. Manyan Boston suka ba shi hutun rashin lafiya. Shekara na zagayowa aka kai shi cocin St. Brendan da ke Dorchester, kuma don kada a ɗaga wa kowa hankali ba a gaya wa iyayen can komai ba. A 1982 dangin yaran nan bakwai suka ga ya sake kewayowa, suka koma da kuka. Gwaggon yaran ta rubuta wa Kadinal Humberto Medeiros, shugaban cocin Boston a lokacin, ya amsa mata cikin ladabi cewa zunubi abin ƙi ne, amma mai zunubi a ƙaunace shi a yi masa addu'a. Shi kuwa Geoghan aka tura shi birnin Rum ƙaro ilimi na wata biyu. Wa ya ce coci ba ya ɗaukar mataki?

A 1984 Bernard Law ya karɓi Boston. A watan Satumba gwaggon nan, wadda ba ta san gajiya ba, ta rubuta masa shi ma. Law bai yi wasa ba. Ya cire Geoghan daga St. Brendan, a Nuwamba ya kai shi St. Julia da ke Weston, inda aka damƙa masa ƙungiyoyin matasa uku, har da yaran da ke hidima a bagade. Kada wani ya ce an yi garaje, don an nemi shawarar likitoci. Ɗaya likitan gidan su Geoghan ne kuma amininsa, ɗayan likitan ƙwaƙwalwa ne da bai ƙware a wannan fanni ba, dukansu suka ce lafiya lau. Makiyayi wawa in ya ga kura a garke sai ya rarumo sanda. Makiyayi mai ilimi ya san kura ma halittar Allah ce, sai ya goge mata baki, ya rubuta mata takardar shaida, ya kai ta garken da ba a san fuskarta ba.

A 1986 Geoghan ya ji labarin wani yaro ɗan shekara 12 da ya rasa uba. Ya je gidan jaje, ya ɗauki yaron a mota zuwa sayen askirim, a hanyar dawowa ya sa masa hannu. Da yaron ya girma ya gaya wa 'yan jarida cewa daskarewa ya yi a kujera, askirim ɗin ya narke yana bin hannunsa, ya kasa ko motsi. Bai cika shekara talatin a duniya ba. Na kawo shi ne don a san irin nauyin da manya suke iya ɗauka ba tare da fuskarsu ta canza ba.

Sai 1993 aka raba Geoghan da cocin unguwa. A Disambar 1996, da zai yi ritaya, Law ya rubuta masa wasiƙar godiya, ya ce rayuwarsa ta hidima ta yi amfani, sai dai rashin lafiya ya yi mata cikas. Ka ji iya magana. Yaro ɗari da talatin, amma aka samo musu suna guda mai taushi, wanda ko a gaban surukai za a iya faɗa.

In akwai wanda ya so ɓata tsarin, shi ne mataimakin bishop John D'Arcy, wanda a Disambar 1984 ya rubuta wa Law yana tambayar hikimar kai mai irin wannan tarihi wurin yara. Cikin 'yan watanni aka ɗaga shi zuwa Fort Wayne a jihar Indiana, nesa da Boston, inda zai huta da damuwa. Masu haƙuri cikin manyan Boston kuwa sun ga ribar haƙuri. Thomas Daily ya kai ga kujerar Brooklyn, John McCormack ya samu Manchester, Robert Banks ya samu Green Bay. Banks ɗin nan shi ne a 1990 ya rubuta wa wata dayosis, wato yankin mulkin bishop, a Kalifoniya cewa Fada Paul Shanley limami ne mai kyakkyawan matsayi, alhali fayil ɗin Shanley a Boston ya riga ya yi ƙiba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu kare coci da ke cewa wai a wancan zamani ba a san girman matsalar ba. Wannan raini ne ga ilimin manya. Fada Gerald Fitzgerald, wanda ya kafa gidan jinyar limamai a Jemez Springs ta jihar New Mexico a 1947, tun shekarun 1950 yake rubuta wa bishop-bishop cewa wanda ya taɓa yaro kada a mai da shi bakin aiki. Har tsibiri ya nemi saya a tekun Karibiyan a killace su, har gaban Fafaroma Paul na Shida ya kai maganar a 1963. A 1985, bayan tonon asirin Fada Gilbert Gauthe a jihar Louisiana, Fada Thomas Doyle na ofishin jakadancin Batikan a Washington, da lauya Ray Mouton, da limami likita Michael Peterson suka haɗa rahoto, suka ce in ba a tashi tsaye ba coci zai yi asarar dala biliyan ɗaya cikin shekara goma. Aka karɓa, aka gode, aka ajiye. Ba a jima ba Doyle ya bar ofishin jakadanci. An sani sarai. Wanda bai sani ba, me zai ɓoye?

A Agustan 2018 kwamitin binciken kotu na jihar Pensilbaniya ya fitar da rahoto kan dayosis shida: limamai 301, yara sama da dubu, tsawon shekara saba'in. Masu binciken suka ce salon ɓoyewar iri ɗaya ne ko'ina, kamar littafi guda aka karanta. Kada a ce fyaɗe, a ce taɓawar da ba ta dace ba, ko tsallake iyaka. Bincike a ba ɗan'uwa limami ya tambayi ɗan'uwansa. Gwaji a yi shi a asibitin coci. In an cire Fada, a gaya wa masu ibada gajiya ce ta kama shi, kuma kada a yanke masa gida da kuɗin abinci. 'Yan sanda kuwa, Allah ya kiyaye. Takardun duka suna ma'ajiyar sirri wadda dokar coci ta ce kowace dayosis ta mallaka, makulli a hannun bishop shi kaɗai. A nan ne kawai zan ɗan yi musu gyara: tsananin adana takarda ya yi yawa. Da sun iya sakaci irin na wasu ma'aikatu da muka sani, da gara ta cinye shaida tun tuni. A birnin Kolon na Jamus, Kadinal Joachim Meisner har suna ya raɗa wa nasa fayil, suna mai daɗin ji, wai 'yan'uwa a cikin hazo.

Amma a fagen sarrafa harshe Dublin ce ta ciri tuta. Rahoton alƙaliya Yvonne Murphy na 2009 ya fito da wata tsohuwar dabara: mutum ya faɗi rabin magana da baki, ya ƙarasa sauran a zuci, mai sauraro ya ruɗi kansa da kansa, kai kuwa ba ka yi ƙarya ba. Kadinal Desmond Connell na Dublin ya ba wani limami, Ivan Payne, rance daga kuɗin dayosis ya biya wanda ya lalata, sannan ya fito a 1995 ya ce ba a amfani da kuɗin dayosis wajen biyan irin wannan diyya. Da hukumar bincike ta tambaye shi, sai ya ce shi "ba a amfani" ya ce, bai ce "ba a yi amfani" ba. Ranka ya daɗe! Ɗan kasuwan da ya kai nan a wayo ai ya gama da duniya. A wani karon kuma dayosis ta sanar cewa ta ba 'yan sanda haɗin kai. Marie Collins, wadda limamin wani asibitin yara ya ci zarafinta tana shekara 13, ta san ba haka aka yi ba, ta nemi bayani, sai amsa ta zo cewa ai ba a ce cikakken haɗin kai ba.

Can arewa da Dublin, a 1975, coci ya zauna bincike kan Fada Brendan Smyth. Aka kira yaro ɗan shekara 14, aka bar ubansa a waje, limamai suka yi masa tambayoyi, ya ba da sunayen wasu yaran da yake tsoron ana taɓawa. Da aka gama aka rantsar da shi cewa ba zai gaya wa kowa ba sai limaman da aka ba izini. Yaro ya riƙe rantsuwa, abin yabo ga tarbiyya. Smyth kuwa ya ci gaba da abinsa shekara da shekaru, sai 1994 ya shiga kurkuku, shari'ar da jinkirinta ya kayar da gwamnatin ƙasar Ailan. Matashin limamin da ya rubuta bayanin yaron, Seán Brady, ya ce shi marubuci ne kawai, ya miƙa wa na gaba. Ya zama shugaban cocin Ailan duka, ya zama Kadinal a 2007.

Masu cewa coci bai damu da rigakafi ba su ji kunya. Tun 1987 dayosis ta Dublin ta sayi inshora don kare kanta daga ƙarar waɗanda limamai suka lalata. Sunayen limaman kuwa sai 1995 aka fara miƙa wa 'yan sanda. Shekara takwas ke nan da tanadi ya riga ƙara, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

A Milwaukee, Fada Lawrence Murphy ya yi aiki a makarantar kurame ta St. John daga 1950 zuwa 1974, ana ƙiyasin ya lalata yara maza har 200. Yara ne da ba sa ji, da yawansu iyayensu ba su iya maganar hannu ba, shi Fada ya iya. Da suka girma suka buga takardu da hotonsa suna rabawa a ƙofar babban coci, suka je wurin 'yan sanda da mai gabatar da ƙara, babu abin da ya fito. Aka mai da Murphy arewacin jihar Wisconsin ya zauna abinsa. Da aka tashi yi masa shari'ar coci bayan shekara ashirin da wani abu, ya rubuta wa Rum cewa ya tsufa, ba shi da lafiya, a bar shi ya ƙarasa da mutuncinsa. Aka tausaya. Ya mutu a 1998 yana limami. A wannan dayosis ce a 2007 Akbishop Timothy Dolan ya nemi izinin Batikan ya zuba kusan dala miliyan 57 a asusun kula da maƙabartu, yana cewa a wasiƙarsa hakan zai ƙara kare kuɗin daga masu ƙara. Izini ya zo cikin 'yan makonni, abin da ya ƙaryata masu cewa Rum na da nawa. Dolan ya musanta cewa ɓoye kuɗi ya yi, ya ce dama na maƙabarta ne, kuma wa zai ƙi a girmama matattu? A 2011 dayosis ta ce ta karye. A 2015 aka daidaita da ɗaruruwan waɗanda aka lalata a kan dala miliyan 21. Matattu 57, rayayyu 21.

Babban aminin gwanayen nan shi ne lokaci. Hukumar binciken Ostareliya, wadda ta gama aiki a 2017, ta gano cewa a tsakaice mutum kan yi shekara 33 kafin ya iya kai wa Cocin Katolika ƙarar abin da aka yi masa yana yaro, alhali dokokin ƙasashe da yawa 'yan shekaru kawai suke ba shi. Duk wanda ya iya lissafi ya san jira kawai ake buƙata. Kadinal Philippe Barbarin na Lyon, mutum mai godiyar Allah, ya kasa ɓoye farin cikinsa a gaban 'yan jarida a Lourdes a 2016, ya ce alhamdu lillahi yawancin laifuffukan wa'adin shari'arsu ya wuce. Kotu ta same shi da laifin yin shiru a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2020.

To, kowane kyakkyawan aiki ba ya rasa mahassada. A 1992, da jaridu suka dame shi da labarin wani limami, Kadinal Law ya roƙi ikon Allah ya sauko a kan 'yan jarida, musamman jaridar Boston Globe. Addu'ar ta karɓu, sai dai ta wata fuska. A Yulin 2001 jaridar ta yi sabon edita, Martin Baron, baƙo a garin, bai san gidan da ake gaisarwa a durƙushe ba. Ya sa 'yan bincikensa su tono, ya sa lauyoyi su nemi kotu ta buɗe takardun Geoghan, alƙaliya Constance Sweeney ta ce a buɗe. Ranar 6 ga Janairun 2002 labari ya fito, wayoyin jaridar suka ƙi yin shiru, mutanen da suka yi shekara talatin suna zaton su kaɗai ne suka ga ashe runduna ce. Limamai 58 suka sa hannu a takarda cewa Kadinal ya sauka, ranar 13 ga Disamba ya sauka. Babban lauyan jihar Massachusetts ya ƙirga aƙalla mutum 789 da aka ci zarafinsu tun 1940, ya ce ba zai iya gurfanar da shugabannin ba, don dokar lokacin ba ta tilasta wa limami kai rahoto ba. Dayosis ta biya mutum 552 dala miliyan 85. Geoghan, da duk tarin ƙararrakinsa, laifi guda aka ɗaure shi a kai, na taɓa wani yaro a wurin ninƙaya, kuma a Agustan 2003 wani fursuna ya kashe shi.

Kada mai karatu ya damu da makomar Law, coci ba ya yar da nasa. A 2004 Fafaroma John Paul na Biyu ya ba shi shugabancin Santa Maria Maggiore, ɗaya daga manyan majami'u huɗu na birnin Rum. Ya ci gaba da zama a majalisar da ke tace waɗanda za a naɗa bishop, aikin da ya dace da mai ido irin nasa. A 2005 ya jagoranci ɗaya daga addu'o'in makokin Fafaroma, ya shiga zaɓen sabo. Ya rasu a Disambar 2017, aka yi jana'izarsa a majami'ar St. Peter, Fafaroma Francis ya yi wa gawa addu'ar sallama. Duk bishop ɗin da ke kallo ya ga abin da ke samun mai ɓoye laifi, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san akwai mai karatu da tun ɗazu yake murmushi yana cewa Allah ya raba mu da irin nasu. Sambarka. Mu ai ba mu taɓa jin an ce wa uwa ta yi haƙuri, a rufa wa malam asiri, yarinyar ce za ta rasa miji ba. Ba mu taɓa jin dattawa sun kashe magana a zaure ba. Bambancinmu da su kaɗan ne: su a cikin gidansu aka samu masu taurin kai, iyaye mata da limamai irin su Doyle da 'yan jaridar da suka tashi a coci, suka ƙi bari a kashe maganar. Mu kuwa Allah ya rufa mana asiri, irin waɗannan ba su yi mana yawa ba.

Dole a yarda sana'ar ta ja baya tun 2002. A watan Yunin shekarar bishop-bishop na Amurka suka taru a Dallas suka yanke cewa limamin da aka tabbatar ya taɓa yaro ko sau ɗaya ya bar aiki har abada, a sanar da hukuma, a binciki tarihin duk mai aiki da yara, a horar da malamai da iyaye da yaran kansu. An yi, sababbin ƙararraki sun ragu ƙwarai. Ashe abin da ya gagara shekara hamsin, wata biyar na kanun jarida ya isa a yi shi. Amma ko a nan gwanaye ba su ba da kunya ba, don dokar ta ambaci limamai da dikinoni, ta tsallake bishop. Cikin waɗanda suka riƙa fitowa a talabijin suna yi wa jama'a bayanin sabuwar tsafta akwai Kadinal Theodore McCarrick na Washington, mai fara'a, mai daɗin baki. Rahoton da Batikan ta fitar da kanta a 2020 ya nuna cewa kafin a ba shi Washington a 2000 an riga an kai wa Fafaroma labarin yana kwana gado ɗaya da ɗaliban limanci, ya rubuto ya ce ƙarya ne, aka gaskata shi. Sai 2019 aka tuɓe masa riga, bayan an tabbatar har da ƙananan yara. A ce mai irin wannan ilimi na zahiri ba zai yi magana kan kare yara ba, to wa zai yi?

Fafaroma Francis da kansa ya taɓa nuna yana da hannu a sana'ar. A Janairun 2018 a ƙasar Chile, da aka tambaye shi kan Bishop Juan Barros, wanda ake zargi da rufa wa Fada Fernando Karadima asiri, ya ce babu hujja ko ɗaya, duk ƙazafi ne. Sai dai bai riƙe wuta ba. Ya aika mai bincike, ya dawo ya ce ya yi babban kuskure, ya nemi gafara, bishop-bishop na ƙasar suka miƙa takardar murabus gaba ɗaya. A Fabrairun 2019 ya tara shugabannin coci na duniya a Rum kwana huɗu, a Mayu ya fitar da doka cewa duk limami da 'yar zuhudu dole su kai rahoton abin da suka sani, a Disamba ya cire sirrin Fafaroma daga irin waɗannan shari'u. Masu tsoron an kashe sana'a su kwantar da hankali su karanta dokar da kyau. Rahoton wurin na gaba a coci ake kai shi. Zuwa wurin 'yan sanda sai inda dokar ƙasa ta tilasta. In kuma bishop ake zargi, babban bishop na yankinsu ne zai bincike shi, wanda suke zama taro ɗaya, suke cin abinci tare.

Akwai kuma hukumar kare yara da Fafaroma ya kafa a 2014, wadda aka sa Marie Collins a ciki, matar nan ta Dublin da aka koya wa bambancin haɗin kai da cikakken haɗin kai. Hukumar ta ba da shawarar a kafa kotun da za ta hukunta bishop mai sakaci, Fafaroma ya amince a 2015, ofisoshin Batikan suka duba suka ga akwai matsalolin doka, kotu ba ta taɓa zama ba. Sai hukumar ta sauko ta nemi abu ƙarami: duk wanda aka ci zarafinsa ya rubuto wa Batikan wasiƙa, a amsa masa, ko da layi biyu ne na cewa an gani. Fafaroma ya amince da wannan ma. Ofishin da abin ya shafa ya ce a'a, kula da irin waɗannan mutane aikin makiyayin yankinsu ne, bai kamata Rum ta shiga hurumin wani ba. Wato wanda ya rubuta wa Rum cewa bishop ɗinsa ya toshe kunne, amsarsa tana wurin bishop ɗinsa. Collins ta kasa gane hikimar, ta ajiye aiki ranar 1 ga Maris 2017.